Daga Galadima zuwa Banex: Yadda Wasan Gem a kan Linux Ya Ratsa ta Abuja

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, da wuya mako ya wuce wani daga cikinmu bai kawo maganar kwamfutarsa ba. Labarin kusan iri ɗaya ne. An sayi laftof ta hannu a Banex shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, har yau lafiyarta lau, amma Windows 11 ta ƙi hawa kanta, wai injin ya tsufa. Sai wani ya ba da shawarar a ɗora mata Linux. Kafin maigida ya buɗe baki, yaran gidan sun riga sun yanke hukunci: "Baba, ai ba a gem da Linux."

Maganar yaran tana da tushe, sai dai tsohon labari ne suka gada daga yayyensu. Abin da yawancinmu muka manta shi ne, a nan garin namu, tun shekarar 2007 aka damƙa wa yaran wata firamare kwamfutoci kimanin 300 masu Linux, da maɓallan gem a jikin allonsu, shekaru shida kafin Steam, babbar kasuwar gem ɗin kwamfuta ta duniya, ta buɗe wa Linux ƙofa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi labarin daga farko, don wanda zai yanke shawara kan kwamfutarsa ya san inda aka kwana.

Ga wanda bai saba ba, babbar manhaja ita ce wadda take tashi da zarar an kunna kwamfuta, sauran manhajoji duk a kanta suke zama, kamar yadda rumfuna suke zama a filin kasuwa. Windows ta Microsoft ce. Rubutun da aka gina ta da shi yana kulle a hannun kamfanin, kai izinin amfani kawai ka saya. Linux kuwa rubutunta a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabcinsa, bai karya dokar kowa ba. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke Finlan, Linus Torvalds, shi ya sanar da fara ta a watan Agustan 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. A ranar 12 ga Disambar wannan shekara ta 1991 ne Janar Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Ke nan Linux da babban birninmu sa'annin juna ne.

Abin dariyar shi ne, manhajar da ake cewa ba ta san wasa ba, wasa ne ya haifi kakarta. A 1969 wani injiniya a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Ken Thompson, ya rubuta wani gem na tuƙa jirgin sama jannati mai suna Space Travel. A kan babbar kwamfutar da suke amfani da ita, wasa ɗaya yana cin kusan dala 75 na lokacin inji. Sai ya lalubo wata ƙaramar kwamfuta, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, ya mayar da gem ɗin kanta. Kayan aikin da ya rubuta don wannan ƙaura su ne suka zama harsashin Unix, kuma tsarin Unix ɗin Linux ta kwaikwaya. Shi kansa Torvalds, da ya sayi kwamfutarsa bashi a Janairun 1991, makonnin farko Prince of Persia ya yi ta bugawa kafin ya koma ga aikin da ya sa duniya ta san shi.

Da farko abin ya yi kamar zai tafi daidai. Doom, gem ɗin harbi da ya girgiza duniya a ƙarshen 1993, ya iso Linux a 1994, saboda wani ma'aikacin kamfanin id Software, Dave Taylor, ya ɗauki aikin don sha'awar kansa. A Disambar 1997 kamfanin ya saki rubutun injin Doom ɗin ga jama'a. Amma kasuwa ta riga ta bi wata hanya. Microsoft ya fito da Windows 95, ya biyo da DirectX, wato wani tsari da masu ƙera gem suke bi su yi magana da katin hoto da na sauti ba tare da wahala ba. Duk gem ɗin da aka rubuta da yaren DirectX, Windows kaɗai ke jin sa. Masu ƙera gem suka tafi inda masu saye suke, masu saye suka zauna inda gem yake.

Wani kamfani a Kaliforniya, Loki Software, ya yi ƙoƙarin warware wannan ƙulli daga 1998. Yakan sayi izini daga masu gem, ya sake gina shi don Linux, ya sa a kwali ya sayar. Ya fara da Civilization: Call to Power a 1999. Aikin ya yi kyau, ciniki ne babu. A 2001 bashi ya kai shi kotu, a farkon 2002 ya rufe. Abin da ya bari a baya ya fi shi tsawon rai: wani kayan aiki mai suna SDL, wanda Sam Lantinga ya rubuta, har gobe ana gina gem da shi, a Linux da wajen Linux.

Mu kuwa a lokacin ba mu ma san ana yi ba. Wanda ya taso a Nyanya, Karu, Kubwa ko Gwagwalada a farkon shekarun 2000 ya san gidan gem: shago ɗaya, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, ƙaramin janareta a bakin ƙofa yana ta ƙugi. A biya naira goma ko ashirin a buga Winning Eleven ko Mortal Kombat, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ɗin ga na bayansa. Sega da PlayStation ne sarakuna. Da kwamfutoci na hannu suka fara yawa a gidaje da ofisoshi, sai GTA Vice City da Need for Speed da Zuma suka shigo, duk a kan Windows XP.

A nan ne akwai wani abu da ya bambanta mu da Turai, kuma a ganinmu shi ne babban dalilin da ya sa Linux ba ta yi kasuwa a wajenmu ba. A can, babbar hujjar masu Linux ita ce kyauta ce, Windows kuwa da kuɗi. A nan, mu faɗa wa kanmu gaskiya, Windows ɗin ma kusan kyauta muke samun ta. Faifan kwafi na 'yan ɗaruruwan naira ne, mai gyara ya ɗora maka ita, ya haɗa da Office da gem goma, ka ba shi na goro. Wa zai bar wannan ya koma ga abin da ba ya buga ƙwallo? Kuɗin da ba mu biya a shago ba mun biya shi ta wata hanya, domin bairos ya zama ɗan gida. Filash ɗaya ta zaga shagon buga takardu, ta dawo ta kwantar da kwamfutoci uku, sai fomatin, sai asarar hotunan biki da aikin makaranta. Amma mun ɗauki wannan a matsayin halin kwamfuta, kamar yadda muka ɗauki ɗauke wuta a matsayin halin NEPA.

'Yan kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa Linux a wancan zamani, yawanci ɗaliban kwamfuta. A Oktoban 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, kuma kamfaninsa na Canonical yana aiko da faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011. Mai haƙuri yakan cike fom a shagon intanet, ya manta, bayan makonni sai ga ambulan. A ciki akwai wasan karta da na lissafi, in kana da intanet mai ƙarfi ka sauko da Frozen Bubble ko SuperTux, wato Mario da tsuntsun ƙanƙara. Ka nuna wa aboki, ya duba, ya ce, "To ina ƙwallon?" A tsakiyar shekarun nan ne kuma wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fito da Wazobia Linux, mai magana da Hausa, Yarbanci da Ibo.

Sai batun Galadima.

A Janairun 2005, a taron Davos, Farfesa Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya gabatar da shirin ƙera laftof ta dala 100 don yaran ƙasashe masu tasowa, shirin da aka sani da OLPC, wato kowane yaro da kwamfutarsa. A Nuwambar shekarar shi da Kofi Annan suka nuna samfurinta a Tunis. Samfurin yana da wani mariƙi da ake juyawa a yi caji, kuma mariƙin ya ɓalle a hannun Annan a gaban 'yan jarida. Daga baya aka cire shi daga jikin kwamfutar. Najeriya a ƙarƙashin Obasanjo tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har ana maganar guda miliyan ɗaya. Don gwaji sai aka zaɓi makarantar firamare ta LEA da ke Galadima, kusa da Gwarinpa, a gefen babban titin Kubwa. A watan Maris na 2007 kwamfutocin suka iso. Makarantar tana cikin wuraren farko a duniya da aka gwada su a hannun yara.

Sunan kwamfutar XO. Kore da fari ce, kamar an yi ta don tutarmu, da kunnuwa biyu da ake ɗagawa su kamo intanet, da allon da ake iya karantawa a tsakiyar rana. Cikinta Linux ce, daga reshen Fedora, an lulluɓe ta da wata fuska ta yara mai suna Sugar. Abin da ya shafi zancenmu shi ne jikin allon. A gefe ɗaya akwai maɓallin sama da ƙasa, hagu da dama, a ɗaya gefen maɓallai huɗu irin na hannun gem. Ana juya allon a kwantar da shi a kan madannai, sai ta koma kamar gem ɗin hannu. Masu ƙera ta ba su ɗauki wasa a matsayin abin da ake hana ɗalibi ba. Manhajar tana zuwa da wasan jera tubala masu faɗowa, da na tuna hotuna, da TamTam na haɗa kiɗa, da Etoys, inda yaro zai zana mota da hannunsa, ya rubuta mata umarni, ta fara tafiya. Har maɓalli suka tanada wanda manufarsa ita ce yaro ya danna ya ga rubutun da ke bayan abin da yake wasa da shi. Babu wani gidan gem a Abuja da ya taɓa ba yaro wannan dama.

Yaran suna tafiya da kwamfutocin gida. 'Yan jaridar BBC da suka ziyarci makarantar a ƙarshen shekarar sun tarar wasu daga cikin yaran sun koyi kwance allo da batir da gyaran madannai, su ne injiniyoyin makarantar. Sun kuma tarar da matsalolin da duk ɗan Abuja zai iya lissafawa ido rufe. Sai da aka kawo janareta, janareta kuma sai da mai. Intanet ta tauraron ɗan'adam ce, mai tsada. Kwamfutoci da dama sun lalace ko sun ɓata. Tun a watan Yuli Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ba da rahoton cewa an ga hotunan banza a wasu daga cikinsu, labarin ya zaga duniya, masu shirin suka ce za su sa matattara. Wannan darasi bai tsufa ba: duk wanda ya ba yaro na'ura mai intanet ba tare da shinge ba, ko wace manhaja ce a ciki, ya san abin da zai biyo baya.

A daidai lokacin, can Jabi, kamfanin Intel yana gwada tasa kwamfutar yaran, Classmate, a ƙaramar sakandaren gwamnati, ita kuma da Windows. Tazarar makarantun biyu 'yar tafiya ce a mota, amma manyan kamfanonin duniya ne suke kokawa ta kansu. Kokawar ta fito fili a ƙarshen Oktoban 2007, lokacin da François Bancilhon, shugaban kamfanin Mandriva na Faransa, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Steve Ballmer na Microsoft. Ya ce kamfaninsa ya ci cinikin ɗora Linux a kan Classmate guda 17,000 na makarantun Najeriya, sai kwatsam aka sanar da shi cewa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge Linux ɗin a sa Windows. Microsoft ya amsa cewa shi yana bin doka a duk ƙasar da yake kasuwanci. Bayan 'yan kwanaki, asusun USPF da ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wanda shi ke biyan kuɗin mafi yawan kwamfutocin, ya ce Mandriva za a bari. Na ɗan lokaci, duk mai bin labarin Linux a duniya idonsa yana kan shawarar da za a yanke a wani ofis a Abuja.

Ita XO ba ta tsira ba. Gwamnati ta canza a watan Mayun 2007. Sabon ministan ilimi, Dakta Igwe Aja-Nwachukwu, ya tambaya a fili ina amfanin raba wa yara laftof alhali ba su da kujerun zama. Tambayar tana da nauyi, ko da mutum bai yarda da inda ta kai shi ba. Farashin ma bai tsaya a dala 100 ba, ya doshi 188. Sannan a Nuwamba wani kamfani mai suna Lagos Analysis Corporation ya kai OLPC Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi madannansa na Konyin, waɗanda aka tsara don rubuta haruffan harsunanmu, irin su ƙ da ɗ da ɓ. Ya nemi diyyar dala miliyan 20. Maganar miliyan ɗaya ta leƙo ta koma. Ƙasashen da suka rungumi shirin da gaske su ne irin su Yurugwai da Peru, a Afirka kuma Ruwanda.

Wani abu ya faru a cikin wannan hayaniya da ya kamata masu son gem su sani. A Nuwambar 2007 kamfanin Electronic Arts ya ba OLPC kyautar SimCity na asali, gem ɗin gina birni da Will Wright ya fitar a 1989, kuma a Janairun 2008 aka saki rubutunsa ga kowa da sunan Micropolis. A gem ɗin kai ne mai tsara gari: ka ware unguwar zama, ka ware ta kasuwa da ta masana'antu, ka ja titi, ka sa haraji. Ga yaron da yake zaune a birnin da aka zana a takarda tun bayan dokar 1976 kafin a aza tubali, a kuma shekarun da rusau yake bin unguwanni da sunan babban tsarin birni, da wuya a sami gem ɗin da ya fi wannan dacewa. Kuma doka ta farko a SimCity ita ce, unguwar da ba ka ja mata wuta ba, ba za ta ci gaba ba, alamar walƙiya za ta yi ta ƙyaftawa a kanta. A nan kam gem ɗin bai koya mana sabon abu ba.

Bayan haka abin ya lafa. A 2012 masu fafutukar buɗaɗɗiyar manhaja na Afirka sun yi babban taronsu na Idlelo a Abuja, amma zancen gwamnati da makarantu da kasuwanci ne ya fi yawa. A ɓangaren wasa, Linux ta shigo mana ta bayan gida ba mu lura ba. Android a kan zuciyar Linux aka gina ta. Duk wanda ya taɓa buga Temple Run ko Dream League a wayar Tecno ko Infinix, a kan Linux ya buga. Sai dai wannan waya ce, ba kwamfutar tebur ba, kuma akasarin abin da ke samanta a kulle yake.

Juyin gaske daga wani ɗan kasuwa ya zo, ba daga masu aƙida ba. Gabe Newell, tsohon ma'aikacin Microsoft kuma shugaban kamfanin Valve mai Steam, ya tsorata da Windows 8 a 2012, har ya kira ta bala'i. Tsoronsa shi ne Microsoft ya buɗe nasa shagon manhaja a cikin Windows, wata rana ya rufe ƙofa ga sauran 'yan kasuwa. Mai rumfa a filin wani ya fara neman nasa fili. A Fabrairun 2013 Steam ta fito a Linux. A 2015 suka fito da na'urorin Steam Machine, suka faɗi warwas, saboda dalilin da ya kashe Loki: gem ɗin da ke tashi a kai ba su da yawa, kuma roƙon kamfanoni su sake gina gem don mutane ƙalilan bai taɓa yin aiki ba.

Daga nan Valve ya canza dabara. Maimakon a roƙi mai gem ya koyi sabon yare, sai a ɗauko tafinta. Tun 1993 akwai wata manhaja mai suna Wine da 'yan sa-kai suke ginawa, wadda take tsayawa tsakanin manhajar Windows da Linux: gem ya nemi abu da yaren Windows, ita ta juya buƙatar zuwa abin da Linux take ji. Inda ta fi rauni shi ne hoto, wato DirectX. A 2016 aka fito da Vulkan, sabon yaren magana da katin hoto wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Sai wani matashi Bajamushe, Philip Rebohle, da yake son buga wani gem ɗin Japan mai suna Nier: Automata a kan Linux, ya zauna ya rubuta DXVK, mai fassara DirectX zuwa Vulkan. Valve ya ɗauke shi aiki. A Agustan 2018 aka haɗa waɗannan duka aka sa musu suna Proton. Daga ranar, mai Linux yana iya danna gem ɗin Windows a cikin Steam ya ga ya tashi, ba tare da mai gem ɗin ya taɓa komai ba. Wanda ya sha wahalar Wine a shekarun baya, yana kwana yana gyara saiti don gem ɗaya, shi ya san girman wannan abu.

A Fabrairun 2022 Valve ya fito da Steam Deck, gem ɗin hannu mai cikakkiyar Linux a ciki, a lokacin ana sayar da mafi araha dala 399. Allo a tsakiya, maɓallan hanya a hagu, maɓallai huɗu a dama. Wanda ya taɓa ganin XO an naɗe ta zai ga kamannin. Da miliyoyin mutane suka saya, kamfanonin gem suka fara kula da kansu ko kayansu yana tashi a kai. A ƙididdigar da Steam take fitarwa duk wata, masu Linux sun wuce masu Mac a Yulin 2023, sun haura kashi 3 cikin ɗari a Oktoban 2025. Kaɗan ne, amma shekaru da yawa a kusa da kashi ɗaya suke.

To, ina yaranmu suka yi gaskiya? A ƙwallo. Daga FIFA 23, a 2022, Electronic Arts ya sa wa gem ɗinsa na kwamfuta wata manhajar hana maguɗi da take shiga can cikin zuciyar Windows tana sa ido. Tafinta ba ya iya kwaikwayon wannan, don haka sababbin EA Sports FC ba sa tashi a Linux. Haka Valorant da Fortnite da sababbin Call of Duty. Apex Legends yana tashi a da, aka rufe shi a 2024, haka ma ɓangaren intanet na GTA V. Kamfanonin suna cewa manhajar da kowa zai iya gyarawa tana sauƙaƙa wa masu maguɗi. Ko hujjar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, shawarar tasu ce, ba gazawar Linux ba ce. Kamfanin da ya ba yaran XO kyautar SimCity shi ne ya kulle wa masu Linux filin ƙwallo. Football Manager ma ya taɓa fitowa don Linux kai tsaye daga bugun 2014, aka daina bayan na 2018. A garin da rabin hirar majalisa Arsenal ce da Barcelona, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma duk wanda ya ɓoye wa yaro wannan don ya ja shi zuwa Linux, ranar farko zai rasa amanarsa.

Amma mu duba irin kwamfutocin da ke gidajenmu. EliteBook 840 G3 ne, da Latitude, da ThinkPad T460, injinan ofis na wajen 2016 da aka yi ritayarsu a Turai da Amurka suka sauka a Wuse 2. Windows 11 tana neman injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, saboda haka a hukumance ta bar su a baya. Masu gyara sun san yadda ake tsallake shingen, Microsoft ma ya ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, amma duka biyun jinkiri ne. Kuma waɗannan injina, ko da Windows, ba za su ja sabon FC yadda ya kamata ba, ba su da katin hoton. Abin da suke iyawa shi ne tsofaffin gem, kuma a nan Linux ta yi ƙarfi. Yawancin gem ɗin zamanin XP da Windows 7 suna tashi ta Wine ko Proton. PCSX2 tana buga faifan PlayStation 2, ke nan Winning Eleven ɗin gidan gem ya dawo. Ga SuperTuxKart na tsere, ga 0 A.D. na yaƙin dauloli, ga Battle for Wesnoth, ga Luanti mai kama da Minecraft, ga GCompris na ƙananan yara, duk kyauta ta halal, ba kwafin sata mai ɗauke da bairos ba. 'Yan sa-kai ne suke fassara su, kuma ƙofar a buɗe take ga duk mai Hausa da yake son sa hannu. Gargaɗi ɗaya: injin Intel da ya girmi 2015 ba ya jin Vulkan sosai, Proton zai yi masa nauyi.

Sauran cikas ɗin namu ne na gida, ba ruwansu da wace manhaja ce. Babban gem na yau yana haura gigabait 100, ga kuɗin data da aka ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Akwai lokacin da bankuna suka taƙaita katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe sayayyar waje gaba ɗaya, sayen gem a Steam ya zama sai da ɗan uwa a ƙetare. Man janareta ya yi tashin gwauron zabi tun Mayun 2023, wutar rukunin A ta koma naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Abin da ya kayar da gwajin Galadima bai je ko'ina ba. Shi ya sa tsohuwar laftof mai batir da gem ɗin da bai kai gigabait ɗaya ba suka fi dacewa da yawancin gidajenmu fiye da babbar kwamfutar da take shan wuta kamar dutsen guga.

Wanda yake shakka ba sai ya goge komai ba. Filash mai gigabait 8 ta isa a ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, a tayar da kwamfutar daga kanta, a gwada sauti da intanet da hannun gem, a zare ta, Windows tana nan yadda aka bar ta. In an gamsu, ana iya raba ma'ajiyar gida biyu, mai ƙwallo ya shiga ɗakinsa, mai sauran wasanni ya shiga nasa. A kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri kafin a fara, wannan kam ba a wasa da shi. A Banex ba kowane mai gyara ne zai karɓi aikin da fara'a ba, wasu za su ce maka Linux ta masu kutse ce, amma akwai matasan da suka iya, a tambaya.

Yaran da aka raba wa XO a 2007, waɗanda suke aji huɗu zuwa shida a lokacin, yanzu sun doshi shekara talatin, wasunsu da nasu 'ya'yan. Duk wanda ya taso daga Kubwa da laftof a jaka zai kai ta gyara Banex, ta gaban Galadima yake wucewa.